Gidan Tsofaffi Ko Gidan 'Ya'ya: Ina Tsoho Ya Fi Tsira Idan Annoba Ta Zo?

A watan Maris na 2020 jaridun duniya suka yi ta buga wani hoto da ya tsaya wa mutane a rai. Mace ce tsaye a wajen wani gini, waya a kunnenta, ta matso da fuskarta jikin taga. Daga ciki kuma mahaifiyarta ce a kan gado, ita ma riƙe da waya. Tsakaninsu bai wuce kamu biyu ba, amma ba damar ta miƙa mata ko kofin ruwa. A garin Kirkland aka ɗauki hoton, kusa da birnin Siyatil a jihar Washintan ta Amurka, a wani gidan kula da tsofaffi da ake kira Life Care Center. Nan ne korona ta fara nuna wa Amurkawa ɓarnar da take iya yi idan ta iske tsofaffi a wuri ɗaya. Zuwa ranar 18 ga watan, masu bincike sun ƙirga mutum 167 da suka kamu ta dalilin gidan: tsofaffi 101, ma'aikata 50, masu zuwa dubiya 16. Cikin tsofaffin nan, kusan ɗaya cikin kowane uku bai tashi ba.

Daga nan tambaya ta shiga gidaje a Turai da Amurka da Kanada: mu je mu ɗauko Baba, ko mu bar shi inda yake? Bahaushe zai ce ai amsar a fili take. A wajenmu, wanda ya kai uwarsa gidan gajiyayyu ya jawo wa zuri'arsa gorin da ba ya gogewa. Ni ma da wannan tunanin na fara bin labarin. Sai da na zauna da shi sosai na gane cewa mutanen nan gaba kura ce gare su, baya sayaki, kuma duk wanda ya ba su amsa guda ɗaya tak bai yi musu adalci ba.

Da farko sai mu fahimci irin gidajen da ake magana a kai, don ba daidai suke da gidan gajiyayyu da muka sani ba, inda ake kai wanda ba shi da kowa. Yawancin waɗanda ke ciki suna da 'ya'ya da jikoki, har ma kuɗi mai kauri ake biya musu. Abin da ya kai su shi ne jiki ya kai matakin da sai an tsaya a kansa dare da rana: wani ɓarin jikinsa ya shanye, wata ba ta iya haɗiye abinci sai an dama mata, wani gigin tsufa ya kama shi har yakan fita tsakar dare ba takalmi. A Birtaniya, kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna irin waɗannan gidaje suna fama da cutar mantuwa ko abin da ya yi kama da ita. 'Ya'yan kuma suna aiki daga safe zuwa yamma, galibi a wani gari, cikin gida mai ɗaki biyu a saman bene.

Alƙaluman da suka fito a farkon annobar sun isa su firgita kowa. A ƙarshen Afrilun 2020 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Turai, Hans Kluge, ya ce kusan rabin waɗanda cutar ta kashe a nahiyar mazauna gidajen kula ne. A Kanada abin ya fi muni: zuwa ƙarshen Mayu, kashi 81 cikin 100 na mamatan ƙasar daga waɗannan gidaje suka fito, har sai da aka tura sojoji su taimaka a jihohin Ontariyo da Kebek. A Sifaniya ministar tsaro, Margarita Robles, ta bayyana cewa sojojin da aka aika feshin magani sun tarar da tsofaffi a yashe, wasu sun rasu a kan gadajensu. A yankin Madrid kaɗai, mutum 7,291 suka rasu a gidajen tsofaffi cikin Maris da Afrilu ba tare da an kai su asibiti ba. A Amurka kuwa mazauna gidajen ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'umma ba, amma fiye da sulusin mace-macen shekarar farko a cikinsu ya faɗa.

Wanda ya karanta wannan zai ce magana ta ƙare, a kwashe su. To amma akwai tarko a cikin lissafin. Mutanen da ke gidajen nan su ne mafiya tsufa da mafiya rauni a ƙasashensu, kuma korona cuta ce mai bin shekaru hawa-hawa. Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama kafin a samu rigakafi ya nuna cewa cikin masu shekara 65 da suka kamu, kimanin kashi 1.4 cikin 100 ne ke mutuwa. A shekara 75 ya zama 4.6, a shekara 85 ya kai 15. Ke nan tsohuwa mai shekara 88, da ciwon suga da ciwon zuciya, duk inda cutar ta same ta tana cikin haɗari babba, ko a ɗakin 'yarta ne. Sauya mata wuri ba zai rage mata shekaru ba. Abin da zai iya sauyawa shi ne yiwuwar cutar ta iso gare ta tun farko, da kuma irin kulawar da za ta samu idan ta iso. A kan waɗannan biyun ya kamata a ɗora ma'auni.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsohon da ke kwance ba ya zuwa kasuwa, ba ya shiga motar haya. Kawo masa cutar ake yi har gado. To wa ke kawowa? Hukumomi sun fara zargin baƙi, shi ya sa a Amurka aka hana dubiya tun 13 ga Maris, ƙasashen Turai ma suka yi haka. Amma an rufe ƙofa cutar ba ta daina shiga ba, domin akwai waɗanda dole su shiga su fita kullum: masu yi wa tsoho wanka, masu ba shi abinci a baki, masu ɗaga shi zuwa bayi. Wannan aiki ba ya yiwuwa daga nesa. Mai jinya za ta rungumi tsohuwa ta ɗaga ta daga gado zuwa kujera, fuska da fuska, numfashinsu na haɗuwa, sannan ta wuce ɗaki na gaba ta yi wa wata haka, har ta zagaye mutum goma ko fiye kafin azahar. A makonnin farko ma da yawa daga cikinsu ko takunkumin fuska ba su samu ba, don asibitoci aka fara ba.

Ga kuma abin da ya ɓata lissafin kowa: mutum na iya yaɗa cutar alhali shi kansa garau yake ji. A wani gidan tsofaffi a wannan jiha ta Washintan an gwada mutum 76, aka samu 48 da cutar, kuma 27 daga cikinsu ba su da wata alama a ranar gwajin. Auna zafin jiki a bakin ƙofa bai isa ya tare irin wannan ba.

A nan ne talaucin ma'aikata ya zama haɗarin tsofaffi. Aikin jinya a gidajen nan na daga cikin ayyukan da aka fi raina wa albashi a ƙasashen masu arziki, kuma mata ne suka fi yawa a ciki, da dama baƙi ne 'yan ci-rani daga Afirka da Asiya. Albashin gida ɗaya ba ya riƙe su, sai ka ga mace ta yi safe a wannan gida ta yi dare a wancan. Wasu masana a Amurka sun bi sawun wayoyin hannu, suka ƙiyasta cewa kusan rabin kamuwar tsofaffi a gidajen ƙasar na da alaƙa da wannan zirga-zirga tsakanin gida da gida. A Ingila kuma bincike ya nuna gidajen da ke biyan ma'aikaci idan ya kwanta rashin lafiya sun fi ƙarancin kamuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wadda ta san idan ba ta fita yau ba yaranta ba za su ci ba, za ta sha maganin zazzaɓi ta ɗaura ɗankwali ta fita. Ban ga laifinta ba. Laifin na wanda ya tsara aikin haka ne.

Ginin kansa ma yana da nasa kason. A Ontariyo, inda tsofaffin gine-gine ke da ɗakuna masu gado huɗu da labule kawai a tsakani, an nazarci gidaje sama da 600, aka ga masu cunkoso sun ninka marasa cunkoso wajen kamuwa da wajen mutuwa. Akasin haka, akwai wasu ƙananan gidaje a Amurka da ake kira Green House, mutum goma zuwa goma sha biyu a gida, kowa da ɗakinsa da bayinsa, ma'aikatan ba sa canjawa, kuma ɓarnar da aka yi musu ba ta kai ta manyan gidaje ba. Sai kuma gwamnatoci da suka ƙara wa wutar fetur don neman gadaje a asibiti. A Ingila an sallami majinyata kimanin 25,000 zuwa gidajen kula tsakanin 17 ga Maris da 15 ga Afrilu, lokacin da gwaji bai zama dole ba, kuma a Afrilun 2022 babbar kotu ta yanke cewa tsarin ya saɓa doka, bayan ƙarar da wasu mata biyu da iyayensu maza suka rasu suka shigar. Jihar Niyok ma ta ba da irin wannan umarni ranar 25 ga Maris, ta janye shi a watan Mayu.

Labarin da ya fi burge ni daga Faransa ya zo. A wani gida mai suna Vilanova kusa da birnin Liyon, shugabar gidan da wani ɓangare na ma'aikatanta suka kwaso kayansu suka kulle kansu tare da tsofaffi 106. Kwana 47 suka yi suna kwana a kan katifu a ƙasa, ba su ga iyalansu ba. Ranar da suka fito a watan Mayu, babu ko mutum ɗaya da cutar ta taɓa. Ba za a nemi kowane ma'aikaci ya yi irin wannan sadaukarwa ba, amma ta nuna ainihin inda matsalar take. Gidan tsofaffi ne kamar sauran. Shige da fice kawai aka tsayar.

Yanzu mu juya ga gidan 'ya'ya, mu auna shi da mudu ɗaya. A Stokholm, babban birnin Suwidin, an bi mutanen da suka kai shekara 70 zuwa sama a farkon annobar. Zama a gidan kula ya ninka haɗarin mutuwa kusan sau huɗu, ko da yake wani ɓangare na wannan raunin jikin mazauna ne. Amma ko a cikin masu zaman gida akwai bambanci: wanda ke zaune da mai shekarun fita aiki ya fi wanda ke zaune da tsoho ɗan'uwansa haɗari. A Ingila an ga haka a tsakanin tsofaffin mata 'yan asalin Pakistan da Bangaladash, waɗanda kamar mu suke zama da 'ya'ya da jikoki a gida ɗaya. Kuma idan cutar ta shiga gida, a farkon annobar tana kama kusan mutum ɗaya cikin shida na mazauna. Da nau'in Omikron ya zo, sai ya zama kusan huɗu cikin goma.

Ba sai mun je nesa ba. A Kano tsofaffinmu a gidajensu suke, a tsakiyar iyalansu, amma a Afrilun 2020 masu haƙar kabari ne suka fara cewa aikin ya fi na kullum. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa korona ce ta yi ajalinsu ko ta tayar da ciwon da ya kai su. Mafi yawansu sun haura shekara 65, kuma fiye da rabi a gida suka cika.

Duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san dalili. Ɗakin tsohuwa shi ne mahaɗar gida. Jikoki sun taso daga Islamiyya, can za su fara faɗawa, ta ɓare musu gyaɗa su sha ruwa a kofinta. Ɗa ya dawo daga kasuwa, ba zai shiga wajen matarsa ba sai ya durƙusa ya ce, “Hajiya, barka da gida, ya ƙarfin jiki?” Idan aka ji ba ta jin daɗi kuwa, sai unguwa ta taso dubiya, mata shida bakwai a kan tabarma ɗaya, taga a rufe da labule saboda sauro ko sanyi. Babu mai iya cewa maƙwabciyar shekara arba'in ta tsaya a soro. Wannan ɗabi'a tana daga cikin mafiya kyau da muke da su, kuma ita ce ke sa tsohonmu bai san kaɗaici ba. A lokacin annobar da ke bin numfashi, ita ce kuma ƙofar da ta fi kowace faɗi.

Sai nauyin jinyar kansa, wanda masu cewa “a ɗauko su kawai” ba su cika lissafawa ba. Na ga yadda mahaifiyata da ƙannenta suka yi jinyar kakarmu bayan ɓarin jikinta ya shanye. Duk awa biyu sai an juya ta, har cikin dare, in ba haka ba gyambo ya fito a bayanta. Kunu da cokali ake ba ta, kaɗan-kaɗan, an tallafe kanta, don in ta shaƙe abin na iya gangarawa huhu. Kafin kiran assalatu an canja zanin gado an wanke. Su uku ne suna karɓa-karɓa, ga mu yara ana aike, duk da haka sai da suka rame. To ka ɗauki mace ɗaya a Landan ko Toronto, da aikin ofis a kwamfuta, da yara biyu da aka rufe musu makaranta, da bayi a saman bene, ka miƙa mata uban da bai ma gane ta ba. Mai gigin tsufa kuma sauyin wuri kansa na ƙara rikita shi. Idan ya faɗi ya karya ƙugu, asibitin da ake gudu can za a kai shi. Idan ita mai jinyar ta kamu, babu na biyu. Wasu iyalai sun ɗauko nasu sun kuma yi nasara, musamman waɗanda tsohonsu ke tafiya da ƙafarsa, hankalinsa na nan, akwai ɗakin da za a ware masa. Ga wasu kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Akwai haɗari na uku da ba a sa shi a ma'auni ba sai da aka makara, kuma a ganina nan ne kuskure mafi ciwo. Da aka hana iyalai shiga, an ɗauke su a matsayin baƙi masu zuwa gaisuwa. Alhali da yawa daga cikinsu rabin jinyar a hannunsu take. Akwai mijin da kullum shi ke zuwa ya ba matarsa abincin rana, don daga hannunsa kawai take karɓa. Akwai 'yar da ita ke lura cewa uwarta ta daina shan ruwa. Da aka rufe ƙofa wannan aiki duka ya faɗa kan ma'aikatan da da ma can sun yi kaɗan, wasunsu ma na kwance. Tsofaffi suka shiga ramewa, wasu suka daina magana, wasu suka juya fuska ga bango suka ƙi cin abinci. Mai cutar mantuwa ba ya fahimtar waya ko hoton bidiyo. Abin da ya sani shi ne nasa sun daina zuwa. Wani ƙiyasi da kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa a Nuwamban 2020 ya nuna an samu ƙarin mace-mace sama da 40,000 a gidajen tsofaffin Amurka waɗanda ba korona ce ta yi su kai tsaye ba. Mutumin da ya rage masa shekara ɗaya ko biyu a duniya, ka raba shi da nasa wata goma sha biyu da sunan kare shi, ka cinye masa abin da kake karewa. Holan ta gwada wata hanya tun Mayun 2020: a gidaje 26 aka bar kowane tsoho da mutum ɗaya tsayayye da zai riƙa zuwa bisa ƙa'ida, kuma a makonnin gwajin ba a samu sabuwar kamuwa ba. Ontariyo ma daga baya ta amince da abin da ta kira mai jinya na dole daga cikin iyali.

Allurar rigakafi ta sauya lissafin baki ɗaya. Birtaniya ta fara ranar 8 ga Disamban 2020 da wata tsohuwa mai shekara 90, Margaret Keenan, ta kuma sa mazauna gidajen kula da masu yi musu hidima a sahun farko. Cikin 'yan watanni mace-mace a gidajen suka ragu ƙwarai a can da Amurka. Hong Kong ta nuna ɗaya fuskar. Darasin cutar SARS ta 2003 ya sa ta tsare gidajenta da kyau kusan shekara biyu, amma da yawa daga cikin tsofaffinta ba su yi allurar ba, kuma da Omikron ya shiga a farkon 2022 sama da mutum 9,000 suka rasu cikin 'yan watanni, fiye da rabinsu mazauna gidajen kula.

Da wani zai tambaye ni yau, ba zan ce masa gida ko gidan tsofaffi ba sai na ji wasu abubuwa. Mutum nawa ne ke shiga ɗakin da zai kwana, kuma daga ina suke dawowa? Su nawa ke shaƙar iska ɗaya da shi da dare? Wa zai juya shi ƙarfe uku na dare, kuma wa zai karɓe shi in ya gaji? Tsohon da ke da sauran ƙarfi, a gidan da ake kwana huɗu a ɗaki kuma ma'aikata na yawo tsakanin gidaje, ni zan ce a ɗauko shi in akwai ɗaki. Wanda jinyarsa ta fi ƙarfin mutum ɗaya, yana ɗaki shi kaɗai a hannun waɗanda suka san shi, zan ce a bar shi, a kuma dage har a samu izinin mutum ɗaya daga iyali ya riƙa shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ba na ganin baƙin wanda ya zaɓi ɗayan biyun bayan ya auna. Abin da na fi jin takaicinsa shi ne yadda ba a cika tambayar su tsofaffin ba, alhali da yawa hankalinsu ras yake, kuma suna da ra'ayi a kan ko sun fi son tsaro ko sun fi son ganin jikokinsu.

Ingila ta gyara wani ɓangare na matsalar hana ziyara: tun 6 ga Afrilun 2024 doka ta wajabta wa gidajen kula su bar iyalai su riƙa ziyara, sai in akwai wani dalili na musamman. A namu gidajen kuwa ba doka ce za ta tsara ba, maigida ne da uwargida za su zauna tun kafin wata annobar su yanke wace ce za ta riƙe ɗakin Hajiya, a buɗe mata taga, a sa mata kujera a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, jikoki da masu dubiya su riƙa gaishe ta a nan.